Minti Huɗu Cikin Rigar Doguwa

Tunda kun dame ni da tambaya a sharhi, bari in amsa sau ɗaya in huta. Eh, ni ce wadda ke tsaye can ƙarshen layi a hoton ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasa, wadda rabin kafaɗarta ya fita daga hoton. Shekara shida ina tsayawa a wannan gurbin. An canza koci sau uku, an canza launin riga sau biyu, ni da rabin kafaɗata muna nan inda aka ajiye mu.

A gida Auta ake kirana. A sansani kuwa sunana Ta Uku, saboda ni ce mai tsaron raga ta uku. Ga wanda bai san harkar ba: ta ɗaya ita ke cikin raga, ta biyu tana benci tana jiran ta ɗaya ta ji ciwo, ta uku kuma tana jiran mutum biyu su ji ciwo a rana ɗaya, sannan ta koma ɗaki ta yi istigfari a kan jiran. Sauran 'yan wasa suna atisaye su ashirin, ana dariya ana ture-ture. Mu masu safar hannu ana kora mu kusurwar fili mu uku, ƙwallo ta yi ta dukanmu har rana ta take. In an tashi, ni ce ta ƙarshen shiga wanka, ruwan zafi ya riga ya ƙare. Ban taɓa ƙorafi ba. Kullum cewa nake saura kaɗan.

Wata huɗu kenan da sabon koci ya fitar da sunaye babu nawa. Ba wanda ya kira ni. A waya na gani kamar kowa, kafin la'asar kuma an cire ni daga guruf ɗinmu. Tun daga ranar nake zaune a ɗakina na ƙarshen baranda, ni da akwatin tafiyar da har yau ban kwashe ba, da safar hannu uku rataye a ƙusa bayan ƙofa. Duk safiya ƙarfe biyar da rabi idona ke buɗewa, jikina ya miƙe don gudu, sai in tuna ba wanda ke jirana a ko'ina.

Mutum ɗaya ne wayata ke ƙara dominsa. A maɗaba'a yake aiki, shi ke jera rubutu kafin a sa a inji, kuma ko da sabulun duniya ya wanke hannu sai ka ga baƙi a ƙarƙashin farcensa. Shi ya sa na raɗa masa Mai Tawada. Shekara biyu yana zuwa ƙofar gidanmu da babur ɗinsa mai tari, da farar riga da ya goge ta har tana ƙyalli. Bai san komai a ƙwallo ba. Ya taɓa tambayata me ya sa ba a ba kowace ƙungiya ƙwallonta a huta. Shekara biyu yana cewa zai turo iyayensa, ni ina cewa ya bari in dawo daga sansani.

Ranar Litinin da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Albishirinki. An kawo mana aikin littafin tarihin ƙungiyarku, shekara talatin cif. Ni aka ba shafin sunayen duk wadda ta taɓa buga wa ƙasa. Yau da hannuna zan jera sunanki."

Na zuba wa wayar ido. Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Bayan awa guda wani ya shigo.

"Na duba sau uku. Ko da wani sunan kike amfani a can?"

Na kife wayar a kan gado na ɗauki tsintsiya na share ɗakin da na riga na share.

Abin da ban sani ba, bawan Allahn nan tun da safe ya riga ya cika baki a gidansu. Da yamma kuma ya tafi da kwafin gwaji gida don ya sake dubawa a tsanake, ƙannensa mata suka warce, suka bi suna ɗari da tamanin da bakwai da yatsa a gaban mahaifiyarsu.

Talata ko karyawa ban gama ba na jiyo sallamar Gwaggo, yayar marigayi Babanmu. Gwaggo ba ta zuwa da safe sai da magana. Ta shigo falo da gyalenta mai ruwan toka a kafaɗa ɗaya, da 'yar jakar magungunanta, ta zauna a kujerar Baba wadda ba mai zama a kai sai ita. Umma na ƙasa a kan darduma tana ninke wanki.

"Ke Auta, zo ki zauna. Ba can ba. Nan, inda zan ga idonki."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice.

"Jiya da yamma uwar yaron nan ta kira ni. Kin san layinmu ɗaya a asibitin masu hawan jini. Matar kirki ce, ba ta da hayaniya. Tambaya ɗaya ta yi min, na rasa amsa, ni da furfurata."

"Me ta ce, Gwaggo?"

"Ta ce littafi zai fito da sunan duk wadda ta taɓa bugawa, naki babu. To in ba ƙwallon kike yi ba, ina kike zuwa da akwati shekara shida?"

Wallahi da mari ta ɗauke ni da ya fi min sauƙi. Na juya wajen Umma. Umma ta ci gaba da ninke zanen gadon da ta riga ta ninke.

"Ga hotuna nan a bango, Gwaggo."

"Na faɗa mata. Ta ce mai ɗauko musu ruwa ma tana cikin hoton." Ta gyara zama. "Ni ban ce kin yi wani abu ba. Amma ɗan mutane ya jira, mu ma mun jira. Yanzu ga shi ke ba ki ga ƙwallon ba, kuma sunanki na neman ɓaci. Ko sau ɗaya, Auta? Shekara shida ko sau ɗaya ba su sa ki ba?"

"Na buga."

"Yaushe?"

"Auta." Muryar Umma ce, a hankali, ba ta ɗago ba. "Kar ki sake tayar da zancen nan."

To ku da kuke karatu, ku zan gaya wa, tunda a gidanmu an rufe min baki.

Shekara uku da suka wuce muka je wasan neman gurbi a wata ƙasa. Ba a nuna shi a talabijin ba, rediyo ne kawai ya ɗauko. A filin jirgi jakar kaya ɗaya ta ɓata, kuma a cikinta rigata mai lamba ashirin da uku take. Ba wanda ya damu, ni ma ban damu ba, ina ruwan rigar Ta Uku da shiga fili? Na zauna a benci da rigar atisaye.

Ta biyu a lokacin Doguwa ce. Shekara biyar tana jiran ranarta. Ana ɗumama jiki kafin wasa ta yi tsalle ta sauka a kan ƙafa ɗaya, duk muka ji ƙarar gwiwar. Aka ɗauko ta aka zaunar a gefena da ƙanƙara ɗaure, tana cije leɓe. Muna ci ɗaya da nema, saura minti huɗu a tashi, ta ɗaya ta yi karo da 'yar wasan gabansu, aka fitar da ita a gadon ɗaukar majinyata.

Mutum biyu, a rana ɗaya.

Koci ya juyo idonsa jajir. "Ta Uku! Ina rigarki?" Na ce tana filin jirgi. Ya daka wa Doguwa tsawa ta cire tata. Da hannunta ta zura min ita, da ɗumin jikinta a ciki, hannun rigar ya rufe min rabin safa. Alƙalin gefe ya dubi bayana, ya ɗaga allo da lamba sha shida, ya rubuta sha shida a takardarsa.

Bugun kwana aka yi a minti na ƙarshe. Wata ƙatuwa ta sa kai, ƙwallon ta nufi can saman kusurwa. Ban san lokacin da na tashi ba. Da ƙarshen hannun hagu na taɓa ta, ta haye saman ƙarfe. Ƙaramin yatsana ya goce, har yau a karkace yake, zobe ba ya shiga. Aka hura tashi. Mutum goma suka danne ni a ƙasa ina kuka ina dariya. A mota sakataren tawaga ya ce in kwantar da hankalina, gobe zai gyara takardar. Har ya bar aiki goben ba ta zo ba.

Da na dawo gida na faɗa jikin Umma na ce ni ce na shiga. Ta shafa kaina. A kicin ta saurari wasan tun daga farko, kuma sunan Doguwa ta ji mai sharhi yana ihu da shi. Ta ce, "To, Allah ya yi albarka," da irin muryar da ake amsa wa yaro in ya ce ya ga zaki a bayan gida. Tun daga ranar ban sake faɗa wa kowa ba. Ba abin da ya kai kaɗaici kamar ka yi abu ɗaya tak a rayuwarka, wadda ta haife ka ta ɗauka mafarki ka yi.

Laraba na sa doguwar rigata baƙa da farin takalmin atisaye, na yafa gyale, na tafi hukumar ƙwallo. Mai gadi da ya saba ce min "gola, gola" sai da ya sa na rubuta suna a littafin baƙi. Ɗakin ajiyar tarihi na hawa na uku, ƙarshen wani dogon lungu, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru. Fanka ɗaya, durowar ƙarfe takwas, da wani tsoho mai tabarau ɗaure da zare. Kowa Baba Mai Fayil yake ce masa.

Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya jawo wata durowa da ƙafa.

"Wasa ɗari biyu da goma sha huɗu ke cikin ɗakin nan, 'yata. Wannan shi ne na farko." Ya buɗe wata takarda da ta koma ruwan ƙasa. "An ci mu bakwai ba ko ɗaya. Rigunan maza aka aro musu, har gwiwa suke kai musu. Cikin sha ɗayan da suka buga, huɗu har yau ban san sunayensu ba, don sakataren lokacin laƙabi ya rubuta. Dubi nan: 'Yar Fara. Wace ce 'Yar Fara? Shekara ashirin ina nema. Wataƙila tana nan da rai tana goyon jikoki."

"Baba, ni ina nan. Ga ni a gabanka."

"Na gan ki. Labarinki ma na ji shi tun a lokacin, direban mota ya ba ni. Amma ni ba labari nake ajiyewa ba, takarda nake ajiyewa. Ƙa'idar ɗaya ce: ƙafarki ta taka fili, alƙali ya rubuta. Wadda ta yi shekara goma a benci da wadda ba ta taɓa ganin ƙwallo ba, a wajen littafin nan duk ɗaya ne."

"Ba a gyarawa?"

Ya zaro wani fom mai shafi ɗaya ya hure ƙurar kai. "Ana gyarawa, in wadda aka rubuta ta sa hannu cewa ba ita ba ce. Ki kawo min kafin ƙarfe huɗu na gobe Alhamis, in buga hatimi in kira maɗaba'a. Ƙarfe biyar za su kunna inji."

Na karɓa. Har na miƙe ya ce in dakata. Ya juyo min da jerin sunayen, ya ɗora yatsa a kan layin Doguwa. A gaban sunanta an rubuta: wasa ɗaya, ba a ci ta ba.

"Gwiwar nan ba ta sake barinta ta dawo ba, kin sani. Wannan ne kaɗai nata. In na ba ki, ita ta koma sifili, mai sifili kuma ba ta shiga littafi." Ya cire tabarau ya murza ido. "Na dai gaya miki ne."

Na sani mana. Na san ba ta sake bugawa ba. Amma rantsuwa zan yi, shekara uku ina kukan minti huɗuna, ban taɓa tsayawa na tuna su ne kaɗai abin da ita ma ta mallaka ba.

Bayan la'asar Mai Tawada ya zo. Na same shi a kan bencin ƙofar gida, ya ajiye hular kwano a cinya, ya kasa haɗa ido da ni.

"Laifina ne. Da ban kai takardar gida ba."

"Ya wuce."

"Bai wuce ba. Hajiyarmu ta ce kar in sake yi mata zancenki sai ta ga abin da zai kwantar mata da rai." Ya rage murya kamar wani na jinmu. "Auta, layi ɗaya ne fa. In matse tazarar shafin, in zura sunanki tsakanin biyu. Ba wanda zai zauna ƙirga. Kowa sunansa zai nema ya rufe."

Ƙarya zan yi in na ce raina bai biya ba. Na hango littafin a hannun Gwaggo, na hango ƙannensa suna tsuke baki. Sai na ji kaina ina tambayarsa abin da ban shirya ba.

"Kai ka yarda na buga?"

Ya sosa ƙeya. Ya dubi farcensa. "Ni ko kin buga ko ba ki buga ba, ke nake so."

Magana ce mai daɗi, na sani. Wasunku ma za su ce in gode wa Allah. Amma ba ita na tambaya ba, kuma shi ma ya san ba ita na tambaya ba. Na ce masa ya bari sai gobe. Ya tada babur ɗinsa, na tsaya har ƙarar ta ɓace, layin ya koma shiru.

Alhamis da safe na ninke fom ɗin gida huɗu na sa a aljihun jaka. Mota biyu na shiga kafin in kai unguwar su Doguwa. Duk hanya ina haddace abin da zan faɗa. Haƙƙina ne. Yatsana ne. Aurena ne ke rawa. Ita kanta ta sani.

Tun daga soro na jiyo ƙarar keken ɗinki. A tsakar gida na same ta, ƙarƙashin rumfar kwano, ta miƙe ƙafar dama a kan 'yar kujera, tana taka keken da ta hagu. Ga tulin rigunan wasan 'yan makaranta a gefenta, tana ɗinka musu lamba a baya. Ta yi ƙiba kaɗan, amma tsawon na nan. Da ta gan ni keken ya tsaya.

"Ta Uku."

"Ta Biyu."

Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Rabonmu da juna tun a asibiti. Ba mu taɓa yin zancen ranar ba, ko a waya. Ta jawo min kujera, idonta ya sauka kan jakata, inda bakin fom ɗin ya leƙo, ya ɗan daɗe a can.

"Wace ce?" Wata murya ce daga inuwar bango. Wani dattijo ne zaune a tabarma, da rediyo a cinya, idanunsa a buɗe amma ba inda suke kallo.

"Abokiyar aikina ce, Baba. Ta sansani."

"Allahu akbar! Matso, 'yata, matso. Ciwon suga ya tafi da idon, amma kunne na nan." Na matsa na gaishe shi. Fuskarsa ta washe. "Kin ji littafi zai fito? Na sa an yi min alkawarin guda. Ba zan iya karantawa ba, amma za a ɗora min yatsa a kan layin."

"Baba, baƙuwa ce, ka bar ta ta sha ruwa."

"Ke rufe min baki." Ya juyo inda yake jin numfashina. "Yarinyar nan da kike gani, shekara guda ban yi mata magana ba saboda ƙwallo. In ta gaishe ni sai in juya baya. Na ce ta zubar min da mutunci. Ranar wasan nan ina shagon aski, cike da maza, an kunna rediyo. Ni ina jin haushi ma. Sai na ji an ce lamba sha shida, aka faɗi sunanta, aka haɗa da nawa. Nawa fa! Bugun kwana, wata ta sa kai, mai sharhi ya ce shi kenan ta shiga. Sai ya fasa ihu: ta taɓa! Da hannun hagu ta taɓa! Wanzami ya yar da almakashi. Mutanen da suke min dariya a bayan ido suka ɗaga ni sama." Ya goge ido da bakin riga. "Ta dawo min da gwiwa a karye. Na ce ba komai, ta bayar da ita inda ya dace. Tun daga ranar ban sake juya mata baya ba."

Na ɓoye hannun haguna a cikin gyale. Ban san me ya sa ba, ai ba gani yake ba.

"Ke fa, 'yata? Kin taɓa shiga?"

Doguwa ta sunkuyar da kai a kan wata lamba tara da take riƙe da ita. Na haɗiye duk abin da na haddace a mota.

"A'a, Baba. Ni benci na tsare."

"Ayya. Ki yi haƙuri. Naki na nan zuwa, in sha Allah."

"Amin, Baba."

Aka kira azahar. Na ajiye jakata a gefen keke na zaga bayan gida yin alwala. Na daɗe a can, don sai da na wanke fuska sau biyar kafin ta yarda ta bushe. Na yi salla a ɗakinta. A bango, sama da gado, rigar na rataye cikin leda. Har yanzu akwai koren ciyawa a kafaɗar hagu, inda na faɗi.

Ta rako ni soro tana ɗingishi, ita ta miƙo min jakar.

"Yaya yatsan?"

"Yana nan. Gwiwar fa?"

"Tana nan."

Shi kenan abin da muka ce. A mota na zauna kusa da taga, na ciro waya na rubuta wa Mai Tawada: "Ka buga yadda aka kawo. Kar ka ƙara komai." Na tura da sauri kafin zuciyata ta canza. Matar da ke kusa da ni ta miƙo min hankici ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya saka mata.

Uku saura na isa gida. Takalman Gwaggo na ƙofar falo, na jiyo ta tana cewa ita dai yau za a ba ta abin da za ta faɗa wa uwar yaron nan. Na bi ta baranda na shige ɗakina. Na cire gyale na jefa kan akwati. Na zaro fom ɗin don in yaga shi in huta, sai na ga ninkin ba nawa ba ne. Ni gida huɗu na ninke, wannan gida biyu ne.

Na buɗe. A ƙasa ga sa hannun Doguwa da shuɗin biro, ga kwanan watan yau. A layin da aka ce a rubuta dalilin gyara, ta rubuta da manyan baƙaƙe, har biron ya huda takardar:

"Rigata ce ta shiga fili. Ni ina benci."

Na zauna a bakin gado. Ban ji shigowar Umma ba sai da inuwarta ta rufe takardar. Ta zare ta daga hannuna. Umma a hankali take karatu, leɓɓanta na motsi. Ta karanta ta kai ƙarshe, ta koma farko. Sannan ta durƙusa a gabana, abin da ban taɓa gani ba, ta kamo hannuna na hagu ta juya shi. Ta daɗe tana kallon ƙaramin yatsan. Shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya da ita.

"Auta," ta ce. "Ashe ke ce."

Kukan da na riƙe tun daga wata ƙasa ya ƙwace min. Ta bar ni na yi kaɗan, sannan ta share min fuska da bakin zanenta, da ƙarfi, kamar ina 'yar shekara biyar.

"Ƙarfe nawa ake rufe ofishin?"

"Huɗu."

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Uku da minti goma. Daga gidanmu zuwa hukumar tafiyar minti arba'in ce in hanya ta yi kyau. Ta ɗauko gyalena daga kan akwati ta miƙo min.

Wayata ta yi ƙara a kan gado. Mai Tawada ne.

"Na ga saƙonki. Ba a kunna inji ba tukuna. Ina ƙofar gidanku da babur. Ki faɗa min da bakinki."

Umma na tsaye da gyale a hannu. Takardar na kan cinyata. Shekara uku abin da nake roƙo kenan, mutum ɗaya ya ce min ashe ke ce, ga shi an faɗa, kuma wadda nake so ta faɗa ita ta faɗa. Amma a can ƙarshen gari akwai wani tsoho a kan tabarma, ya wanke yatsansa yana jiran a ɗora masa a kan layi.

"Tashi mana, Auta," in ji Umma.

Uku da minti sha biyu, ban tashi ba.